Koren Fenti a Notin Motar Alasan

Maigidana Sabiru,

Na tafi suna unguwar Tokoin, kai kana ta sharar barci. Notocin nan da ka jiƙa a kananzir, na motar Alasan mai neman Fauziyyarmu, na taya ka kankare fentin da ya toshe haƙoransu da tsinken tsifata. Farin yana fita, sai ga kore a ƙasa! Ba cewa ya yi sabuwa dal ya sayo ta ba? Ni dai koriyar mota ɗaya na sani a Zongo, ta Alhaji Ilyas, wadda ambaliya ta cinye bara.

Noti ɗaya yana ƙulle a bakin zanena, kada ka nema. Ka ce wa Fauziyya kada ta ba shi amsa sai na dawo. Wanda ya shafe tarihin mota, me kuma ya shafe?

Kakarka