Makullan da Auta Ya Sani

Litinin, 3 ga Maris

Yau a gidan zoo muka kai Auta, ɗan birin nan, kejin gwaji, waya ce kawai tsakaninsa da garken birai. Wata bakwai ke nan da uwarsa ta mutu na ɗauko shi a cikin hulata. Ni na ba shi madara a kwalba, ni na wanke kashinsa. Maman yara ce ta raɗa masa suna, wai tunda yara sun watse, Allah ya ba ni auta mai wutsiya.

Likitar dabbobinmu ba ta iya ƙumbiya-ƙumbiya ba. Wata ɗaya ta ba shi. In garken ya karɓe shi, shi ke nan. In bai karɓe shi ba, sai kejin baya, shi kaɗai har tsufa. Sharaɗi ɗaya ta kafa min: "Baba, kada ya gan ka, kada ya ji ka." Na ce to. Cewa to ai ba wuya.

Laraba, 5 ga Maris

An mayar da ni wajen kunkuru. Kunkuru ba ya kewar kowa. An ce Auta ya ƙi cin abinci.

Asabar, 8 ga Maris

Na bi ta bayan kejin da rana. Ba hanyata ba ce. Ban kira shi ba, makullan ƙuguna ne suka yi ƙara. To, na ɗan taɓa su. Da su yake wasa tun yana jariri, har yanzu akwai shatin haƙoransa a igiyar. Ya taho a guje, ya zuro hannu ta waya ya riƙe min yatsa. Minti biyu kacal. Wa minti biyu ya taɓa kashewa?

Talata, 11 ga Maris

An buɗe ƙofar tsakani. Daga bayan ɗakin abinci na leƙa. Gwaggo, tsohuwar birinyar da ta raini rabin garken, ta zauna kusa da shi tana kallon wani wajen. Ƙato, babban namijin, ko ɗaga kai bai yi ba. Kowa murna yake. Ni ma, wai.

Alhamis, 13 ga Maris

Ni ne.

Na tarar da shi ya matsa jikin Gwaggo, har ta miƙa hannu za ta fara duba masa gashi. Kishi ne ya kama ni, ba sai na yi wa littafi ƙarya ba. Na girgiza makullan. Ya zabura ya nufo ni, bai kewaye ba, ya tsallake ta kan abincin Ƙato. Duk ɗan birin da ya tashi a garke ya san ba a yin haka. A ina nawa zai sani? A falona ya tashi, inda yake taka min faranti in yi dariya.

Ƙato ya cije shi. Ɗinki huɗu a kunne. Ni na riƙe shi ana ɗinkin, yana kuka yana lalubar ƙuguna.

Likita ta ce me ya firgita shi ya ruga haka? Na ce Allah masani.

Juma'a, 14 ga Maris

Likita ta ce laifinta ne, ta yi gaggawar buɗe ƙofa. Tana tunanin dakatar da gwajin. Ta sa a share kejin baya. Ni aka ba tsintsiyar.

Taku shida ne tsawonsa. Na ƙirga.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kasa cin abinci, maman yara ta tsare ni har na faɗa mata. Can ta ce, "Haka ka yi wa babban ɗanka da ya koma gidansa, kullum kana ƙofa, sai da matarsa ta fara gaishe ka da ƙyar." Na ce wannan daban. Ta ce, "Eh, shi ba a cije shi ba."

Litinin, 17 ga Maris

Na faɗa wa Likita. Gumi har cikin takalmi. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Biri ya yi kama da mutum. Shi ya sa kullum yake manne da wayar baya." Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Yarinyar da na haifi kamarta. Ta ce mako biyu za ta ƙara, daga nan babu.

Juma'a, 21 ga Maris

Na ɗaure makullan da roba don kada su yi ƙara, na jefa aljihu. Dama suna yaga min riga.

Laraba, 26 ga Maris

An ce ya kewaye Ƙato yau, ya bi ta nesa kansa a ƙasa. An ce. Ban je ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Likita ta sa hannu a takarda, Auta ɗan garke ne. Ta ce in je in gani, amma ta gaba, cikin 'yan kallo.

Yana kwance a kan reshe, Gwaggo tana duba masa bayan kunnen nan mai tabo. Na zaro hankici, sai makullan suka biyo shi suka faɗi a siminti, robar ta tsinke. Wallahi ba da gangan ba.

Ya ɗago kai. Ya dube ni sosai. Gwaggo ta danna masa kai ƙasa, ya koma ya kwanta.

Wata mata a gefena ta ce wa mijinta, "Dubi wancan da uwarsa." Na ɗauki makullaina a hankali, na dunƙule su a hannu har na bar wajen. Kunkuru ba su ci ba tun safe.