Mijina Ya Toshe Kafofin Iska Saboda Tsuntsu

Inna Mas'uda, don girman Allah ki ba ni shawara kafin Juma'a. Tsoro nake kada 'yata ta mutu a falonmu, mutumin da ya kamata ya fi ni tsoro kuwa hankalinsa na kan keji.

Shekararmu tara da Lahdar. Ba ya sha, ba ya duka, ban taɓa kama shi da wata ba. Cutarsa ɗaya ce: maknin. Kin dai san mazan Batna da ɗan tsuntsun nan mai jan goshi, su wuni a gidan gahawa suna musun na wa ya fi murya. To nawa ya fi su duka. Tsuntsunsa tuffa ferarriya yake ci, ni kuwa ban tuna ranar da ya ɓare mini ko lemo ba.

Da ƙanƙara ta fara sauka sai ya ɗauko kejin daga baranda ya rataye a falo kusa da hitar gas. Wai abokansa sun ce iska mai ratsawa ke sa wa maknin mura, murya ta dushe. Sai ya bi kafofin iskan nan biyu na bango, ta sama da ta ƙasa, ya cusa musu tsofaffin safansa. Safa, Inna! Waɗanda na ware zan zubar. Na ce, "Baban Ritaj, mai haɗa gas fa ya ce kada a rufe." Ya ce, "Shi mai haɗa gas ɗin ya san kan tsuntsu ne?"

Akwai 'yar na'urar gargaɗin nan da aka maƙala mana a bango bara. Wata rana muna cin kuskus ta kama ƙara. Maimakon ya buɗe taga, sai ya zare batirinta ya jefa ta a durowa. Wai ƙaramin maknin yana kwaikwayon duk abin da ya ji, shi kuma wata uku ya yi yana kunna masa muryar wani gwanin tsuntsu a waya, ba zai bari wannan ƙyar-ƙyar ta ɓata masa karatu ba. Tir!

Falon ne ya fi ɗumi, don haka nan Ritaj ke kwana, nan take aikin makaranta. Shekararta bakwai. Mako uku ke nan tana tashi da ciwon kai da jiri, wani lokaci har amai. Da ta je makaranta sai ta warware garau, sai uban ya ce, "Kin gani ko? Lalaci ne, halin danginku ta ɗauko." Ni ma kaina kullum kamar an ɗora mini dutsen niƙa.

Ana nan tsuntsun ya mutu. Ashe ana gobe zai mutu ƙanwata Wahiba ta zo, ta ce, "Kai, wannan murya!" ba ta ce masha Allah ba. Shi ke nan, Lahdar ya ce kambun baka ne, kada ta ƙara taka masa gida. Ya sayo wani, kwana tara shi ma ya bi sahu. Na ce to wannan karon Wahiba ba ta zo ba. Ya ce ai ta gan shi a bidiyon da ya tura wa dangi. Ya rufe falo ya turnuƙe shi da turaren jawi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne safiyar mutuwar na biyun. Ritaj ta yi amai a kan darduma, tana durƙushe tana kiran "Baba". Ya tsallake aman, gawar tsuntsu a hankici, yana sharar hawaye, ya fita binne ta a tukunyar fure. Tun ranar, in ya miƙo hannu zai karɓi abinci sai in kau da kai. Ban taɓa zaton zan ji ƙyamar mijina ba, amma ita nake ji.

In ya tafi aiki ina zare safan, in mayar kafin ya dawo, kamar ɓarauniya a gidana. Wutar hitar ta koma ruwan ɗorawa, bangon bayanta ya yi baƙi. Shekara huɗu ba mai gyaran da ya duba ta, shi ke hure ta da na'urar busar da gashina. Juma'a kuma zai je kasuwar tsuntsaye ya sayo na uku. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri, ba a yaji saboda tsuntsu, dariya za a yi mana. In tafi ko in zauna?

Mai Ciwon Kai, Batna

'Yata,

Kin san ban jira ranar bugawa ba, na kira ki tun ranar da na karanta. Ina maimaitawa a nan ne don gidajen da ke kwana da irin safan Lahdar a bango.

Kashe hitar nan yanzu, rufe kan gas, buɗe tagogi. Kai Ritaj asibiti yau, ke ma a duba ki, ki faɗa wa likita kalma biyu: hitar gas. Wutar da ba ta samun iska tana fitar da guba mara wari mara launi. Ciwon kan da ke warkewa a waje ya dawo a gida, wutar da ta bar shuɗi, baƙin bango, na'urar da ta yi ƙara, duk bakinsu ɗaya. Maknin ƙirjinsa bai kai ɗan yatsa ba, shi ya sa ya riga ku. Sau biyu Allah yana aiko muku da gargaɗi, aka ɗora wa Wahiba.

Kada a sake kunna ta sai ƙwararren mai gyara ya wanke ta, ya duba tiyo, ya hau rufi ya leƙa bututun hayaƙi, don sheƙa ko ɓaraguzai kan toshe shi. Haka za a riƙa yi kowace shekara kafin sanyi. Kafofin bango su zauna a buɗe ko ana zuba ƙanƙara. Na'urar gargaɗi ta koma mazauninta da sabon batir. Kafin nan, ku haɗa barguna.

Ƙyamar da kike ji ban ga laifinki ba, ni ma da na zo wajen tsallake aman nan sai da na ajiye takardar. Amma ban ɗauki mijinki mugu ba. Jahilci ne da taurin kai, sannan kambun baka ya fi masa sauƙin haɗiya da a ce hannunsa ne ya kashe abin da yake so. Ke ma kina da naki. Kin gane tun tuni, amma kika tsaya wasan zare safa da mayarwa, yarinya tana ci gaba da kwana a ɗakin. Tsoron faɗan miji bai kai nan ba.

Kada ki yi masa gori, balle a gaban abokansa. Ki ajiye masa takardar likita, ki sa mai gyaran ya yi masa bayani da bakinsa, don irin su Lahdar sun fi jin magana daga mai riƙe da sifana. In ya gane, tsuntsu ya koma ɗakin da ba hita, a lulluɓe kejin, shi kuma ya taka da ƙafarsa ya ba Wahiba haƙuri.

In ya ƙi, ɗauki 'yarki ku tafi gidanku a ranar, ba sai Juma'a ba. Ki gaya wa mahaifiyarki na gaishe ta, kuma dariyar unguwa kwana uku ce. Na sha zuwa gidajen da aka fitar da gawar mutum biyar a safiya ɗaya, maƙwabta suna cewa jiya ma sun gaisa. Gara a zo bikonki da a zo miki ta'aziyya.

Allah Ya ba Ritaj lafiya, Ya raya miki ita, Ya sanyaya zuciyarki.

Inna Mas'uda