Mazubin da Ba Ya Shiga Buhu

Kagoro, 8 ga Maris, 2000

Zuwa ga ƙanwata Laraba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya ke da Mercy.

Ba sai na gaya miki abin da ya faru a Kaduna watan jiya ba. Mun ɗauka dawowar farar hula za ta kawo mana kwanciyar hankali, ga shi ko shekara ba a cika ba muna binne mutane. Ana cikin haka sai na ji wai kin fara kiwon kajin nama a Gyadi-Gyadi, har kina neman mai walda ya ƙera miki mazuban ƙarfe. Laraba, gwauruwa mai 'ya ɗaya a garin da ba nata ba, ba ta sayen abin da ba zai shiga buhu ba.

Na aiko Mu'azu direba da mazuban roba huɗu, biyu na abinci, biyu na ruwa. Ki lallaɓa da su, ki sayar da kajin, ki tattaro ki dawo. Gidan da marigayi mijinki Filibus ya gina a nan yana kulle, sai ƙadangaru.

Ni ne yayanki,
Ezekiel, hedimasta mai ritaya

Gyadi-Gyadi, Kano, 2 ga Mayu, 2000

Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida mini matarmu Saratu.

Na bi umarninka kamar 'yar aji uku, ga kuma sakamakon jarrabawa. Mako ukun farko robarka ta yi mutunci. Amma kazar nama in ta kai mako biyar jibgegiya ce, ba ta san komai ba sai ci da turereniya. Ran Lahadi ina majami'a suka haye mazuban ruwan suka kifar, ɗaya ma ya tsage. Na dawo na tarar ɓuntun da na shimfiɗa musu ya jiƙe sharkaf, su kuma tun safe ba ruwa a wannan zafin na Kano, kowace baki a buɗe. Goma sha ɗaya na kwashe matattu. Na zauna a ƙofar ɗakin kajin na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Kuma ba kajin kaɗai na yi wa kuka ba. Shekara ashirin da biyu na zauna da Filibus a gidan nan, bai taɓa sayen abin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Kujerun roba, katifa a ƙasa, akwati kullum a ɗaure a bayan ƙofa. Shekarar da aka haifi Mercy na ce mu dasa mangwaro a tsakar gida, ya ce, "Wa zai sha? Mu da muke kan hanya?" Yanzu Mercy tana aji biyar a sakandare, har yau muna kan hanya.

Jiya na je Tarauni wurin Malam Lawan mai walda. Ya ɗauki robarka ya matsa da yatsa biyu, ya ce, "Maman Mercy, wannan ai na 'yan tsaki ne. Araha ba ta ado." Zai yi mini na kwano mai kauri, gindi mai faɗi, baki a naɗe don kada ya yanke su, da sanda mai juyawa a sama, duk wadda ta hau ta zame.

Taka ƙanwa,
Laraba

Kagoro, 30 ga Oktoba, 2000

Laraba,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba don raina ya ɓaci. Ina miki maganar rai, kina mini maganar bakin mazubi.

Kullum rediyo maganar shari'a a Kano yake yi. Iyalai uku na ikilisiyarmu da ke zaune a Unguwa Uku sun dawo da kayansu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai shafa wa naka ruwa kake yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, Filibus ya riƙe hannuna ya ce, "In gari ya yi zafi ka kai su gida." Na amsa masa. Ba zan tsaya gaban Allah da alkawarin mamaci a wuyana ba. Ran 16 ga Disamba, bayan Mercy ta samu hutu, Mu'azu zai zo da akori-kura. Ki shirya.

Yayanki,
Ezekiel

Gyadi-Gyadi, 17 ga Disamba, 2000

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Mu'azu ya iso jiya, ya ci tuwo, ya kwana. Kada ka yi masa faɗa, ya yi iya ƙoƙarinsa.

Wasiƙarka ta hana ni cin abinci kwana biyu. Kana tsammani ba na tsoro? Ko tayar babur ta fashe a titi sai na ruga na kulle ƙofa. Amma Filibus shekara ashirin da biyu yana gina gidan da zai gudu ya fake, daren farko da ya kwana a ciki a akwatin gawa ne. Na ƙaunace shi, amma ba zan gaji tsoronsa ba. Na yafe maka alkawarin, in mun haɗu a can ni zan ba shi amsa.

Watan jiya na je wurin Hajiya Rabi mai gidanmu na ce, "Hajiya, ina so in fasa miki ƙasa, in yi wa kaji kwamin ruwa na siminti." Ta ce, "Fasa mana! Tun ina da haƙora nake jira ku kafa ko ƙusa ce a bangon nan." Malam Lawan ya zo ya kafe ƙafafun mazuban abincin a cikin simintin. Mu'azu ya jijjiga ɗaya da hannu biyu, ya dube ni, ya ce, "Inna, wannan sai dai a ɗauke gidan."

Kaji ɗari da hamsin nake da su yanzu, ko ɗaya ba ta mutu da ƙishi ba. Bana Kirsimeti da Ƙaramar Salla a mako ɗaya suka faɗo, rabin kajin tuni maƙwabta sun kama. Kada motar ta koma haka nan, na sa muku shida.

Taka mai taurin kai,
Laraba

Kagoro, 3 ga Janairu, 2001

Laraba,

Barka da sabuwar shekara. Mun ci kajin, Saratu ta ce a gaya miki sun yi nama.

Ban ce na yarda ba, kuma ba zan daina kasa kunne a rediyo ba. Mabuɗin gidan Filibus yana wurina.

Mu'azu zai kawo miki wani abu a cikin gwangwani, daga bishiyar ƙofar gidan Baba na samo. Ki dasa shi nesa da ɗakin kajin, saiwar mangwaro tana fasa siminti.

Yayanki,
Ezekiel