Kwandon Maganin Mura da ke Ƙofar Masallacinmu

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Masallacinmu na Highbridge, da dattawan da suke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku, da sana'a, da sanyin garin nan da ya ƙi tafiya.

Sunana Rakiya. Yawancinku ba ku san fuskata ba, don bayan labule nake salla. Amma kun san maigidana, Malam mai turare, wanda yake kafa teburinsa a ƙarƙashin itatuwan bakin tashar jirgin ƙasa. Shi ne wanda ya yanke jiki ya faɗi a azumin bara. Kun zo dubiya, kun yi addu'a, kun kawo shinkafa da mai, na gode, Allah ya saka. Abin da ya sa na rubuto shi ne kwandon magani da ake ajiyewa kusa da wurin takalma, wanda aka yi sanarwa ranar Juma'a cewa za a sake fito da shi da zarar an ga wata.

Tun bara, bayan faɗuwar maigida, na fara zuwa wurin Alhaji Garba mai kula da kwandon. Ya ce, "Ƙaddara ce, Rakiya, ki yi haƙuri." Na aika saƙo ta hannun shugabar mata, aka ce kwamiti zai zauna. Har yau ban ji ya zauna ba. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, don duk mai cire takalmi a ƙofar nan ya karanta.

Kada ku ɗauka fushi nake yi. Na nemi fushin a zuciyata ban same shi ba. Tun ranar da abin ya faru haka nake, ina girki, ina wanki, ina juya maigida a kan gado, ana yi mini magana ina amsawa, amma ba na jin komai a raina. Don haka abin da zan faɗa zan faɗe shi ne yadda yake.

Na ɗaya. Na san niyyar kwandon mai kyau ce. A ƙasar nan akwai maganin mura da ba a barinsa a kan kanta. Yana bayan mai kemis, sai ka nuna katin shaida kafin a miƙo maka. Mu kuwa kun san halinmu, da yawanmu ko jin kalmar kati ba ma so. Sai masu takardu suka riƙa sayowa suna zubawa a kwando sadaka, mai atishawa ya ɗiba, babu mai tambayarsa sunansa. Maigidana kansa ya sha yabon wannan tsari a gida. Kowace shekara idan itatuwa suka fara fure, wata ƙura rawaya takan sauka a kan kwalaben turarensa, idonsa ya yi ja, hanci ya toshe, ya yi ta atishawa har masu ciniki su ja da baya. Nakan ce masa mai sayar da turare da ba ya jin ƙanshi, ai cinikin amana ake yi da kai.

Na biyu, almakashi. Don maganin ya isa kowa, sai ake fitar da shi daga kwali, a yanka fallen gida-gida, a jefa kwalin da takardar cikinsa a shara. Na gani da idona ta bayan labule, Alhaji Garba yana zaune yana yankawa da natsuwa kamar tela. Abin da ya rage a hannun mutum ƙwayoyi ne a ɗan fallen azurfa, ba suna, ba bayani, ba ranar lalacewa. Iri-iri ne a cakuɗe, fari da shuɗi da ja, duka sunansu ɗaya a bakinmu, maganin mura.

Na uku, ƙa'idar da ake bayarwa. Duk wanda ya tambayi yadda zai sha, amsa ɗaya ce: "Ɗaya da buɗe baki, ɗaya da sahur." Haka muke yi wa kowane magani a azumi tun muna Maraɗi, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko kowace ƙwaya ta yarda da wannan rabo. Haka aka gaya wa maigidana, haka ya yi. Ya sha da dabino, ya bi da shayinsa mai ƙarfi da goro, ya sake sha kafin asuba. Hancin ya buɗe, ya yi murna. Barci ya ƙaurace masa, muka ce azumi ne. Ya ce ƙirjinsa yana bugawa kamar ana daka a ciki, muka ce shayi ne. Ya ce ƙeyarsa tana sara, muka ce ƙishirwa ce. Shi kuwa mai hawan jini ne, kuma duk sahun gaba sun san haka, don ya sha faɗa a zaman bayan salla.

Ana cikin goman tsakiya, bayan la'asar, yana miƙa wa wata mata kwalba sai ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Mai sayar da huluna da ke gefensa ne ya kira motar asibiti, sannan ya kira ni. Da na isa wurin an riga an tafi da shi. Teburin yana nan, titin duk yana ƙanshin turaren da ya fashe. Na tsaya ina tattara kwalabe ina jera su a jaka, sai da mai hulunan ya ce, "Hajiya, bar kayan nan, asibiti za ki."

Na huɗu, abin da aka gaya mini a asibiti. Likitar ta tambaya ta bakin tafinta me yake sha banda maganin hawan jininsa. Na laluba aljihun rigarsa na ciro ragowar fallen. Ta juya shi gaba da baya, almakashi ya bi ta kan sunan ya raba shi. Sai da aka kai wa masu haɗa magani na asibitin suka gane shi ta lambar da ke jikin ƙwayar.

Ashe magani biyu ne a ƙwaya ɗaya. Ɗaya yana tsayar da atishawa da ƙaiƙayin ido da yoyon hanci. Ɗayan yana buɗe hanci ta hanyar matse jijiyoyin jini, kuma ba na hanci kaɗai yake matsewa ba, shi ya sa yake iya ɗaga jini ya sa zuciya gudu. Irin wanda maigidana ya ɗauka kuwa sau ɗaya ake sha a yini, yana sakin ƙarfinsa a hankali har gobe. Shi yana sha sau biyu, na farko bai gama aiki ba na biyu ya hau kansa.

Zan yi adalci. Likitar ba ta ce maganin kaɗai ne ya shanye masa ɓarin jiki ba. Ta ce jininsa dama yana sama, kuma babu mai iya rantsuwa. Amma ta ce da ya zo gabanta da wannan jinin, ba za ta bar shi ya sha ba, kuma gargaɗin yana rubuce a jikin kwali. Kwalin nan da aka jefa a shara.

Daga baya na je kemis ɗin unguwarmu da maƙwabciyata Fati 'yar Kumasi, mai aikin jinyar tsofaffi, ta karanta mini kwali ɗaya daga sama har ƙasa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon sukari, mai hawan jinin ido, dattijon da fitsari ke yi wa gardama, mai ciki da mai shayarwa, duk an ce su tambayi likita tukuna. Ba a tauna shi, ba a fasa shi. Ba a haɗa shi da wani maganin mura, don sau da yawa abu ɗaya ne a ciki. Ba a ba ƙananan yara. Wani irinsa yana sa gyangyaɗi, mu kuwa rabin masallaci direbobin tasi ne. Fati tana karantawa ina ƙirga sahun gaba a zuciyata, Alhaji, ban ga wanda ya tsira daga jerin nan ba sai ƙalilan. Na tambayi mai kemis ɗin ko akwai na atishawa zalla, wanda ba a haɗa shi da mai ɗaga jini ba. Ta nuna mini shi a kan kanta, a fili, ba ya buƙatar kati. Duk shekarun nan yana nan.

Na biyar, Sale. Ƙanin maigidana ne, shi ya karɓi teburin, shi yake ciyar da gidan nan yanzu, shi yake ɗaga yayansa ya kai shi banɗaki, don ni ba na iyawa. Yana tsaye a ƙarƙashin itatuwan nan dai, hancinsu iri ɗaya ne, kuma an auna shi an ce jininsa ya fara hawa, abin a gidansu yake. Na yi masa bayani, ya ce to. Amma Sale ba ya ƙetare abin da ya fito daga masallaci. A wurinsa maganata maganar matar yaya ce, kwando kuwa sadakar dattawa ce mai albarka. Idan Sale ya faɗi, gado ɗaya ne a ɗakin nan.

Ga abin da nake roƙo. Ban ce a daina sadaka ba. Ina roƙo a ajiye almakashin, duk maganin da zai shiga masallaci ya shigo da kwalinsa ya fita da kwalinsa. Wanda ake ɓoyewa bayan mai kemis, a bar shi a wurin mai kemis, don ba a banza aka ɓoye shi ba. A daina gaya wa mutane ɗaya da buɗe baki ɗaya da sahur, a ce su tambayi likita ko mai kemis yadda za su sha maganinsu a azumi, tambaya ba ta buƙatar kati. Kuma ina roƙon Liman ya faɗi wannan da bakinsa kafin a ga wata, da Hausa, da Zabarmanci, da Turancin da yaranmu suke ji. Daga bakinsa ne kawai Sale zai karɓa.

Tun da maigida ya dawo gida, kalma ɗaya ta rage masa, "To." Za ka ci abinci, to. Da ciwo, to. Mai koya masa magana ta yi iyakar ƙoƙarinta, ba ta samu wata ba. Ranar Juma'ar nan Sale ya dawo daga masallaci yana jan hanci, ya tsuguna yana gyara wa yayansa matashi, yake ba mu labarin sanarwar, ya ce Alhamdu lillahi kwando zai dawo, wannan murar ta dame shi. Sai maigida ya ɗaga hannunsa mai aiki ya damƙe wuyan rigar Sale. Bakinsa ya daɗe yana rawa, sannan ya ce, "A'a."

Ina tsaye da ludayi a hannu. Kusan shekara guda ina jiran kalma ta biyu, na zaci ranar da ta zo zan yi kuka. Ban yi ba. Na kashe wutar girki, na nemi biro.

Shi ya faɗi tasa, Alhaji, kuma kun ga abin da ta ci masa kafin ta fito. Saura taku.

Allah ya ƙara muku lafiya da tsawon rai, ya karɓi sadakar masu sadaka, ya yafe wa Alhaji Garba da mu baki ɗaya, ya kai mu watan nan, ya fitar da mu cikinsa kowa a kan ƙafafunsa.

Wassalam, daga 'yar'uwarku ta bayan labule,
Rakiya, matar Malam mai turare.