Ranar da Na Kalle Ki Ido Cikin Ido

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Damina ta sake zagayowa ba ke. Gero ya yi kyau a gonarki ta hanyar Kiyako. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa da rigimarsa, har yanzu ba ya shan kunu sai ya ce naki ya fi.

Ƙara na kawo, Inna, kuma ƙararki na kawo wurinki. Tarbiyyar da kika yi mini ta kusa raba ni da aikina.

Bayan rasuwarki na samu aiki da wani kamfani na Legas mai aika wa manoma shawarwari ta waya. Ni ce mai mayar da saƙonnin zuwa Hausar da manomi zai gane. Daɗin aikin shi ne ba sai na bar Birnin Kudu ba. A ɗakinki nake zama da kwamfuta, mu yi taro ta kiran bidiyo, kowa yana ganin kowa daga inda yake. Da ba don haka ba, da sai dai in tafi birni neman aiki, in bar Baba shi kaɗai a gidan nan, mutumin da ko butarsa ba ya iya ɗagawa idan sanyi ya kama gwiwar.

Da farko na sha kunya iri-iri. Na zauna taga tana bayana, suka ce inuwa kawai suke gani, sai na juya fuskata wajen haske. Akuyarki mai kunne ɗaya ta yi ta kuka a tsakiyar taro har na koyi kashe makirfo idan ba ni ke magana ba. Ranar farko kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar iyali da gajiya da ruwan sama, suna ta kallon agogo. Baba ma ya taɓa leƙowa ya yi musu sallama, da bai ji an amsa ba ya fita yana cewa, "Waɗannan mutanen naki ba su da gaisuwa." Duk waɗannan na gyara su.

Abu ɗaya ne ban san ina yi ba, balle in gyara.

Kin tuna ranar da Kawu ya zo daga Kwandiko, ina ƙarama, yana yi mini magana na tsura masa ido? Kika bari sai da ya tafi. Kika ja kunnena kika ce, "Yarinyar kirki ba ta ƙirga wa babba gashin ido. In babba na magana, ƙasa ake kallo." Tun daga ranar idona ya san wurin zamansa. Da ƙafafun malamaina na san su, ba da fuskokinsu ba.

To, shugabarmu, wadda muke kira Madam, ta kusa sa'arki. Da ta fara magana sai kaina ya sunkuya da kansa. In ta yi mini gyara, in ƙara sunkuyawa, in yi shiru, don a wurinmu shirun nan shi ne na ji, na karɓa. Ni a zuciyata ina ganin babu wanda ya kai ni ladabi a kamfanin nan.

Rahila ce ta fargar da ni. Abokiyar aikina ce, Kirista, a nan garin ta girma lokacin da babanta yake aiki a asibiti, Hausarta kamar ta 'yar Gwaram. Ta kira ni a waya ta ce, "Ke baiwar Allah, me kike kallo a ƙasa ne? Madam cewa take waya kike dannawa tana magana. Ta ce ba ta ga alamar hankalinki yana kan aikin nan ba, kuma ƙarshen wata za a rage mutane. Ni na san kunya ce, amma a kyamara tsakiyar kanki kawai ake gani."

Inna, na yi kuka ranar nan. Ba don Madam ba. Takaicina shi ne abin da na fi alfahari da shi daga wurinki, shi aka karanta a matsayin raini.

Rahila ta ce a wurinsu kallon ido shi ne sauraro, kuma a bidiyo ba fuskar mutum ake kallo ba, ɗan ɗigon kyamarar nan na sama ake kallo, shi ne mai magana zai ji kamar shi ake duba. Na gwada. Ni kaɗai a ɗaki ina iyawa sarai. Amma da muryar Madam ta fito, sai idon ya sulale ƙasa kamar an ja shi da zare. Sai Rahila ta ba ni shawara in liƙa ƙaramin hoton wani kusa da ɗigon, in riƙa yi masa magana.

Na duba gidan nan kaf, babu ƙaramin hoto. Baba yana zaune a tabarma yana kallona ina bincike. Da na gaya masa abin da nake nema, sai ya cire hularsa, ya zaro wani abu daga cikin naɗinta. Hotonki ne, wanda aka ɗauka don katin zaɓe. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Aro na ba ki, ba kyauta ba."

Kin san ni 'yar fari ce. Ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ba ki taɓa dubana a gaban mutane ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube ki ba. Na san hannuwanki, na san kaushin dugaduganki, na san ƙarar takunki daga zaure. Amma a hoton nan mai ɗauka ya tilasta miki kallon gaba, ga ki nan kin ɗaure fuska, kina kallona kai tsaye.

Ranar taron da za a yanke hukunci, ni aka ba bayani a kan wuta-wuta, ciyawar nan da take cinye dawa. Na liƙa ki a saman kyamara. Madam ta kira sunana, kaina ya fara sauka, sai na ce a raina, in dai na iya kallon Inna, wace ce Madam? Na ɗago.

A lokacin na ga kina da ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin idon hagu. Irinsa sak yana fuskata, wuri ɗaya. Shekaru ina ganinsa a madubi, ban san daga wurinki na ɗauko shi ba.

Ban sauke ido ba. Na yi miki bayanin wuta-wuta tiryan-tiryan, ke da kika fi ni saninta. Da na gama, Madam ta ce yau ne ta fara ganina. Ba a sallame ni ba, Inna. Ina nan gida, ni nake dama wa Baba kunun da yake kushewa yana shanyewa.

Ban bar tarbiyyarki ba. In Kawu ya zo, ƙasa nake kallo, haka zan koya wa nawa in Allah Ya ba ni. Sai dai zan ƙara musu da cewa wani wurin ladabi a ƙasa yake, wani wurin kuma sai an ɗago. Kuma zan bar su su kalle ni tun ina da rai.

Hoton kuwa, kullum in na tashi daga aiki Baba yana miƙo hannu, in ɓamɓaro shi in ba shi, ya mayar cikin hula. Da safe in sake ara.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, inda zan zauna a gabanki in kalle ki har in ƙoshi.

Taki har kullum,
"Waccan".
Sunana Hauwa'u, Inna. Na rubuta ne don na san ko yanzu ba za ki faɗa ba.