Fandishonmu na Miri

Zuwa ga matata Eunice, sanyin idona, ruwan farko na daminata, inuwar da nake nema in ranar Bauchi ta take tsaka,

Hotunan lambun fadar sarkin Japan sun iso, na kalle su har wayata ta yi zafi. Na ga ruwan da ya zagaye ganuwa, na ga dogon ɗakin da kika ce dogarai ɗari ke gadi a cikinsa a da, da kifayen tafki jajaye kamar manja. Amma ni magini ne, idona bai tsaya ko'ina ba sai kan dandamalin duwatsun da kika hau kina dariya. Kai, aiki! Ko reza ba za ta ratsa tsakanin dutse da dutse ba. Kin rubuta cewa hasumiyar fadar ta ƙone a 1657, aka sake yi mata wannan fandisho, sannan aka ce a dakata tukuna. Shekara ɗari uku da sittin da ɗoriya ke nan ana dakatawa.

Ke tarihi kika gani, ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Kin tuna ranar da muka ja igiya a filinmu na Miri? Kika cire takalmi kika faɗa ramin fandisho, ƙasa har gwiwa, kika sa na yi alkawarin ba zan ɗora bulo ko ɗaya ba sai kin dawo kin nuna inda tagar ɗakinmu za ta kalla. Karatun wata tara kika ce. Ga damina ta uku na shirin sauka a kan fandishon, yanzu kuma kin ce makarantar na so ta ƙara miki shekara biyu, kina tunani. Tunanin me, farin watana? In gina wa mutane gidaje a GRA su tare da matansu, ni in koma ɗakin haya in ci tuwo ni kaɗai? Allah ya sani, kaɗaici ya ishe ni! Duk Lahadi in an tashi coci nakan je in cire ciyawa, in zauna inda muka ce nan ne falo.

Jiya Malam Mansir mai gonar kusa ya roƙi in bar shi ya shuka gyaɗa a ciki, tunda wurin na zaune haka nan. Ba da mugunta ya faɗa ba. Na ce ya ba ni mako biyu in tambayi matar gidan.

Don Allah ki faɗa mini ranar dawowarki. In kin yi shiru zan bar shi ya shuka gyaɗarsa a ɗakinmu, amma bulo ba zan ɗora ba, kuma ba wata macen da za ta nuna mini taga.

Naki, yau da gobe da ranar da zan daina numfashi,
Obadiya