Babi Uku Suka Rage Mana

Tampa, Disamba 1931

Ƙanwata Eulalia,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar maigidan naki? Ni lafiya lau, idona ne kawai ya fara yi mini rowa.

Tun bara nake jin wai za a sallami mai karanta mana littattafai a ma'aikatar taba. Na ce ƙarya ne, wa zai naɗa taba shiru kamar gidan makoki? To, an sallame shi. Shekara arba'in, tun muna Habana, nake buga wuƙata ta yankan taba a tebur in aka karanto wuri mai daɗi.

Babi uku suka rage mana a labarin wani tsoho da aka kora daga ƙasarsu. Abokin zamana Bonifacio ya ce, "Mutuwa ya yi, dattijo, kai ma ka shirya!" Na ce, "Kai da kake gyangyaɗi tun babi na biyu?"

Sunan littafin yana bayan takardar nan. Don Allah ki tambayar mini mai karatu na ma'aikatarku, tsohon nan ya koma gida? Na ƙarshen da na tambaya shi ne Don Evaristo, mai karatun namu da kansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce tsohon ya koma. Amma na san shi da tausayi.

Yayanki,
Casimiro